Takardar gwamnati ko shaidar dattawa: me zai tsare mana gonaki idan ƙura ta lafa?

AbuHafsa_Gadarif:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma na san ba kowa zai ji daɗinta ba. Duk ranar da Allah ya kawo ƙarshen wannan yaƙi na Sudan za a zauna a sake rubuta dokoki, kuma dokar filaye tana cikin na gaba-gaba. Ra'ayina shi ne mu Hausawan Sudan mu daina ƙarar da ƙarfinmu wajen neman sarauta, mu tsaya kan abu guda: a buɗe rajistar gonaki ga kowane ɗan ƙasa. Wanda ya daɗe yana noma wuri a auna masa, a ba shi takarda da sunansa. A nan Gadarif mai ƙaramar gona ba shi da komai a hannu sai shaidar maƙwabta, mai mashru'i kuwa, wato mai babbar gonar noman inji, yana zuwa da taswira da hatimi da tarakta. Kowa ya san wanda ke yin nasara in an je gaban hukuma. To ku faɗa mini, takarda ce mafita ko a'a?

Sani_Kasala:
Wa alaikumus salam. Wallahi maganarka dutse. Takarda kawai.

Ustaz_Kanuni:
Wa alaikumus salam. Yaya Abu Hafsa, kafin mu ce takarda ce magani ya kamata mu san yadda aka yi ta gagari talaka tun farko. Turawan Ingila sun kafa dokar rajistar filaye a 1925, amma aikin awon bai wuce bakin Nilu na arewa da Jazira da manyan birane ba. Gabas da Nil Azrak da Kurdufan da Darfur duk an bar su a hannun al'ada. Sai shugaban ƙasa Numairi ya zo a 1970 ya fitar da dokar da ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta zama ta gwamnati, ko ana nomanta ko ana kiwo a kanta, kuma babu diyya. A rana ɗaya kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar Sudan ya koma hannun hukuma. A 1971 kuma aka rushe idara ahaliyya, wato nazirai da omdodi da shehunan da ke rabon gona da sasanta rigima. An karɓe ƙasar, an kuma kawar da masu ba da shaida a kanta.

Dokar mu'amalat ta 1984 ta soke ta 1970 a rubuce, ta kuma yarda da haƙƙin cin amfani ga wanda ya raya ƙasa, sai dai asalin mallakar ya ci gaba da zama na gwamnati. A farkon shekarun 1990 aka ƙara mata gyaran da ya ɗaure wa kotuna hannu, ba sa iya sauraron ƙara a kan ƙasar da gwamnati ta raba. Don haka ina tare da kai a wani ɓangare. In aka buɗe rajista ba a taɓa wannan tushe ba, haya za a ba ka, kuma wanda ya ba da haya yana iya karɓar abinsa ranar da ya ga dama.

Dattijo_MaiWurno:
'Ya'yana, ku saurara. Kakanninmu sun baro Burmi bayan yaƙin 1903, suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin wannan kogi na Nil Azrak. Sun fi shekara ɗari a kwance a wannan ƙasa. Wasu ma sun riga su zuwa, alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka suka zauna. Babu wanda ya ba su takarda. Sun je wurin masu gari sun yi sallama, aka nuna musu daji, suka sare, suka noma, in kaka ta yi suka kai ɗan abin da aka saba kaiwa. Aka yi auratayya, aka yi makarantar allo tare. Wannan amana ce ta riƙe mu, ba hatimi ba. Kai Abu Hafsa, ranar da ka ce wa maƙwabcinka ba ka bukatar yardarsa tunda kana da takarda daga birni, ranar ce ka sayi gaba. Takarda ba ta kwana da kai a gona.

AbuHafsa_Gadarif:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban raina amanar da kuka riƙe ba. Amma mai mashru'in da ya haɗiye rabin gonar ridinmu ba maƙwabci ba ne, ɗan kasuwa ne da ke zaune a birni, ko sau ɗaya bai taɓa kwana a ƙauyen ba. Shehun garin ya tsaya mana, ya rantse gonar mahaifinmu ce, aka ce masa maganar baki ba ta ture taswira. Yardar maƙwabci tana aiki tsakanin maƙwabta. Wannan mutumin fa?

Injiniya_Hashab:
Bari in sa baki a kan mashari'in nan, don na yi aikin gandun daji shekaru. Noman inji ya fara ne a yankin Gadambaliya kusa da Gadarif a tsakiyar shekarun 1940. A 1968 aka kafa hukumar noman inji, Bankin Duniya ya ba da rance, aka shiga yanka ƙasa fadan 1,000 zuwa 1,500 (fadan ɗaya ya ɗan fi eka ɗaya) ana ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da tsofaffin hafsoshi haya. Wannan shi ne wanda aka tsara. Wanda ba a tsara ba, wato mutum ya shiga daji da tarakta ya share ya ce nasa ne, shi ya fi yin ɓarna, kuma daga baya da yawa an halatta musu.

Abin da ke ci mini rai shi ne dokar tana nan. Dokar gandun daji ta ce kowane mashru'in damina ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa ga itatuwa, na ban ruwa kuma kashi 5. Akwai dokar kare muhalli ta 2001 da ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki kafin a fara shi. Ku hau mota daga Gadarif ku nufi kudu, ku ƙirga mashari'in da suka bar wannan kason. Sai ku yi tafiya mai nisa ba ku ga inuwa ba. An sare hashab mai ba da ƙaro, an sare talha an yi gawayi, ana shuka dawa bisa dawa kowace shekara ba hutu har ƙasar ta gaji, ƙuduji ya cinye ta, sai a bar ta a matsa gaba. Kakanninmu suna noma wuri 'yan shekaru, su bar hashab ya tsiro su ci ƙaro, ƙasa ta huta, sannan su dawo. Ni tsorona da maganar rajista shi ne kowa zai ruga ya share daji don ya nuna yana nomawa a rubuta masa. Saurar da aka bari ta huta za a ce ba ta da mai ita.

Bello_Makiyayi:
Na gode Injiniya. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran wanda zai tuna da dabba. Ku manoma kuna maganar a auna a ba kowa nasa. To ni da ba na zama wuri ɗaya, me za a auna mini? Burtalin da iyayenmu suke bi da shanu yana da faɗin da ba ka hango gefensa, yau a wasu wuraren garke ba ya wucewa sai ya taɓa shuka hagu da dama. Hafirin da muke shayarwa, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, ya faɗa tsakiyar mashru'i, sai ka biya kafin saniya ta sha. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 iyaka ta rufe wa da yawa hanyar rani, dabbobi suka taru a Sinnar da Nil Azrak da Nil Abyad. In ka matsa gabas ka shiga gandun Dindir a kama ka. An yi dokar makiyaya a 2015, mun ji labarinta, a ƙasa ba mu ga ta mayar mana da ko taku ɗaya ba. Idan rajistarku ta zo kafin a shata burtali da mashaya, to kun rufe mu ke nan, kuma faɗan da za a yi ba da mai mashru'i za a yi shi ba, da ku ƙananan manoma za a yi, don ku ne a bakin hanya.

Sani_Kasala:
@Bello_Makiyayi amma ku ma ku faɗi gaskiya, akwai masu sakin shanu da dare cikin dawa tun ba a girbe ba.

Bello_Makiyayi:
Akwai su, Malam Sani, kuma ba na kare su. Da can akwai ranar da shehu ke sanarwa an gama girbi a saki dabbobi su ci kara, wanda ya riga ranar ya biya ɓarna, ajawid, wato dattawan sulhu, su zauna su ƙiyasta. Yanzu kara ma sayar da shi ake yi. Yaro yana tsaye da shanu masu yunwa, gabansa gona, bayansa gona. Ba uzuri nake ba shi ba, ina gaya maka inda abin yake farawa ne.

Inna_Rosairis:
Sannunku da muhawara. Ni daga Nil Azrak nake, yanzu muna zaune wani gari dabam. Abu Hafsa ƙanena, ka ce a bar maganar sarauta, kuma na gane dalilinka, don a kanmu abin ya faɗa. A watan Yulin 2022 maganar a ba Hausawa imara, wato sarautar kansu, ce ta zama sanadi, wuta ta tashi daga Gaisan ta kai Rosairis da Damazin, mutum sama da 100 suka rasu. A Oktoba ta sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa sama da 200. Allah ya jiƙan duk wanda ya rasu, namu da nasu, don kowane gida ya yi kuka.

Amma ina so ku gane abin da ya sa mutane suka nemi sarautar. A wurinmu, in ba ka da omda naka, ba ka da bakin magana ranar rabon ƙasa. Lokacin da aka ƙara wa madatsar Rosairis tsawo, aka gama a 2013, ruwa ya cinye ƙauyuka da gonakin bakin kogi, aka kwashe mutane aka zuba su a sababbin garuruwan da ake kira da lamba. Ƙabilu dabam-dabam aka haɗa wuri ɗaya, gona ba ta isa ba, kowa yana ganin an tauye shi. Su 'yan'uwanmu da muka tarar suna tsoron in aka ba mu sarauta gobe za mu ce ƙasar tamu ce. Mu kuma muna tsoron in ba mu da ita za a ce mu baƙi ne har jikokinmu. Tsoro biyu ne suka haɗu, 'yan siyasa suka hura. Da a ce ƙaramar gonata ta bakin ruwa, inda nake shuka kuɓewa da tumatir da albasa, tana da wata shaida da ba ta dogara da ko wace ƙabila ce ni ba, da ban damu da wa ke sarauta ba. A nan ina bayanka.

Admin_Zaure:
Jama'a, an taɓo wuri mai ciwo. Duk wanda ya zagi wata ƙabila za mu goge saƙonsa. A ci gaba cikin mutunci.

Dattijo_MaiWurno:
'Yata, Allah ya ba ku haƙuri, ya mayar da ku gidajenku lafiya. Ban musa miki ba. Abin da nake cewa shi ne ranar da za ki koma, ba takarda za ta fara tarbarki ba, mutanen garin ne. Sai an yi sulhu na gaskiya tukuna.

Ustaz_Kanuni:
Inna ta kawo mu inda gizo ke saƙa. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta yi alkawarin kafa hukumar filaye ta ƙasa, da wasu na musamman a Nil Azrak da Kurdufan ta Kudu, don su duba ƙorafe-ƙorafe su kuma daidaita doka da al'ada. Har wa'adin yarjejeniyar ya ƙare ba su kama aiki ba. Yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020 ta sake kawo maganar, ta kuma amince da hawakir, wato ƙasashen ƙabilu na gado. A Darfur hakura tana da tarihi, sarakunan Fur ne suka riƙa ba da ita, wasu har da rubutacciyar shaida. Matsalar ita ce da zarar an ce ƙasa ta ƙabila ce, duk wanda ba shi da hakura ya zama ɗan zaman alfarma ko da an haifi kakansa a wurin. Abin da nake ganin ya dace a nema shi ne a raba abu biyu. Sarauta da tarihi su zauna wa masu su, babu mai ƙwace musu. Haƙƙin noma da zama kuma ya bi wanda ke wurin, a rubuta shi a matakin ƙauye, shehu da maƙwabta su sa hannu a gaban jama'a. Ta haka shaidar da Baba yake magana a kai ita ce za ta zama takardar da Abu Hafsa yake nema.

Dan_Kambo:
Ustaz, mu fa? Mu da muke kambo a Jazira, wato sansanin ma'aikatan gona, ba mu da gonar da za a rubuta. An buɗe madatsar Sinnar da aikin noman ban ruwa na Jazira a 1925, fadan wajen miliyan 2 in an haɗa da ƙarin filin Managil. Su wa suka tsinci audugar? Kakanninmu, da mutanen Darfur da Kurdufan. Aka ce su kafa bukkoki a bakin magudanar ruwa na ɗan lokaci. Yau ga jikoki da tattaɓa-kunne a wurin, har yanzu a takarda na ɗan lokaci ne. Ba a yarda ka yi ginin ƙwarai ba, makaranta da asibiti da famfo sai a ƙauyen masu hawasha, wato kason gonar da manomi ke riƙe da shi a aikin Jazira. Dokar Jazira ta 2005 ta ba manomi damar sayar da hawasharsa ko jinginar da ita, mu ko ambatonmu ba ta yi ba. Lokacin da yaƙi ya mamaye Jazira daga Disambar 2023 zuwa farkon 2025, mutanen kambo sun sha wuya ta kowane ɓangare. Ni ba gona nake nema ba tukuna. A tsara mana inda muke kwana ya zama gari mai suna a taswira.

Ustaz_Kanuni:
@Dan_Kambo maganarka hujja ce a kan cewa takarda kaɗai ba ta isa ba. Masu ƙasar Jazira na asali suna da rajista. Dokar 1927 ta tilasta musu ba gwamnati haya a kan kirshi 10 kowane fadan na shekara 40. Wa'adin ya cika a 1967, jikokinsu suka shafe shekaru da dama suna bin haƙƙinsu da takardunsu a hannu.

Musa_Jidda:
Ku bari in ba ku labarin nan Saudiyya, don ya shafi zancen. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwanni sama da 60 a Jidda, waɗanda ake kira ashwa'iyyat, wato unguwannin da ba a tsara ba. Gulail, Karantina, Bitrumin, Sabil, duk inda kuka san 'yan'uwanmu sun taru shekara da shekaru. Ɗan ƙasa mai sakki, wato takardar mallaka, an biya shi ƙasa da gini, marar sakki an duba ginin kawai, mu masu iƙama kuwa, wato takardar izinin zaman baƙi, muka kwashe kaya muka shiga neman haya, kuɗin haya kuma ya yi sama. Ban ce unguwannin ba su da matsala ba, lunguna ne da motar kashe gobara ba ta shiga. Amma na ga da idona bambancin mai takarda da marar ita. Don haka Abu Hafsa, kada ka saki maganarka.

Wani abu kuma. Su nan sun daina sayen alkamar gida a 2016 don ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ƙarewa, daga baya suka taƙaita noman ciyawar dabbobi. Sare itacen daji don makamashi tara ce mai nauyi. Suna tsare nasu ruwan da nasu itatuwan. To ina ake noma ciyawar barsim ɗin da shanunsu ke ci? Wani kaso daga Sudan yake zuwa.

Injiniya_Hashab:
Haka ne Malam Musa. A 2016 majalisar dokokin Sudan ta amince a ba Saudiyya fadan miliyan 1 a yankin Atbara ta sama da Sitit na shekara 99. Ban ga laifin mai zuba jari ba, kowa amfanin ƙasarsa yake nema. Laifin dokarmu ne da take kallon duk inda babu rajista a matsayin fili ba kowa. A taswira fari fat, a ƙasa kuwa akwai mai kiwo, akwai mai tsagar ƙaro, akwai mai ƙaramar gona.

Kabiru_Kano:
Ina bin ku daga Najeriya. Mu ma dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, takardar mallaka kuma sai mai hali da haƙurin bin ofisoshi. Manoman ƙauye kaɗan ne ke da ita. Burtali ma an cinye shi, kuma kun ji abin da hakan ya jawo mana. Ku yi hattara da rajistar da sai an je babban birni ake yin ta.

Maryam_Sinja:
Duk kun yi magana, babu wanda ya ce sunan wa za a rubuta. Mahaifiyata ita ke noma gonarmu tun rasuwar mahaifinmu, yayyena maza suna Libiya da Saudiyya. In masu awo suka zo, shehu sunan babban yaya zai bayar, ba don mugunta ba, haka aka saba. Ranar da ya bukaci kuɗi ya sayar, ita ina za ta? Shari'a ta ba mace gadonta. A rubuta kowa da kasonsa.

Inna_Rosairis:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Kuma Injiniya, ina da tambaya. Gonar bakin kogi ba ta zama wuri ɗaya. Ruwa ya cika ya janye ya bar mana laka mu shuka, wata shekara ya ƙara maka ƙasa, wata shekara ya cinye. Tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020 cikar kogin ta sauya, lakar ta ragu, masu yin jan bulo ma suna kuka. Irin wannan gona yaya ake auna ta?

Injiniya_Hashab:
Inna, ba faɗinta ake aunawa ba, tsawon gaɓar da ke gabanki ake rubutawa, duk abin da ruwa ya janye ya bari daidai wannan gaɓa naki ne. Haka mutanen arewa suke yi a bakin Nilu tun da daɗewa. Raguwar laka kuma ba ta komawa yadda take, don madatsar tana riƙe ta. Masu gonakin gaɓa za su bukaci injin ban ruwa da taki, abin da a da kogi ke ba su kyauta, kuma ya kamata a sa wannan cikin lissafi in ana maganar diyya.

AbuHafsa_Gadarif:
@Ustaz_Kanuni rajistar ƙauyen da ka kawo ta kwanta mini. Amma ga abin da ke gabanmu yanzu: mutane suna komawa Sinnar da Jazira suna tarar da wani ya shuka gonarsu damina ɗaya ko biyu da ba sa nan. In aka ce haƙƙi na wanda ke wurin ne, ba mun ba wanda ya shiga bayan gudun hijira dama ba?

Ustaz_Kanuni:
Dole a sa rana. Wanda ke riƙe da gona kafin 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke, shi za a rubuta, a Nil Azrak kuma kafin Yulin 2022. Wanda ya shuka bayan nan ya girbe amfaninsa ya tashi.

Dattijo_MaiWurno:
Wa zai shaida wanda ke riƙe da ita kafin ranar, Ustaz? Mu ɗin nan dai da ake cewa maganar bakinmu ba ta ture taswira.

Bello_Makiyayi:
Ranar taku ba ta yi mini ba. An cinye burtali tun kafin 2023 da shekaru masu yawa. In aka tsaya a wannan rana, an halatta wa duk wanda ya noma hanyar shanu ke nan. A fara fitar da burtali da hafirai bisa tsohuwar shata, a kafa duwatsu kowa ya gani, sannan ku zo ku auna gonakinku. Abu Hafsa, in aka ja igiya ta bi ta gefen gonarka, za ka yarda ka matsa?